Jirgin ƙarƙashin ruwa na Disneyland, a shiga da yara?

Hajiya, kin ce kina tsoron shiga Finding Nemo Submarine Voyage, jirgin wasan nan da aka sake buɗewa a 2022 a wurin shaƙatawa na Disneyland da ke Kalifoniya, wai kar ya nutse da yaran. Kwantar da hankalinki, ba ya nutsewa sam, kumfa kawai suke saki a taga sai ki ji kamar kuna yin ƙasa. Matsalar dai matsi ce, matakalar ƴar siririya mai murɗewa, ciki duhu, kuma in an rufe babu fita sai ya dawo. Ki gaya wa yaran tun a layi akwai kifi mai haƙora da za a nuna musu, amma ba na gaske ba ne. Ku je da sassafe, layin ba ya sauri. In ƙuntataccen wuri na tayar miki da numfashi ki fara tambayar likita, ko ki roƙi ma'aikatan su kai ki ɗakin kallo na waje, inda ake kallon tafiyar ba tare da an shiga jirgin ba.