Take, turke da gindin waƙa: amsoshin wannan mako

Wani matashi daga Garwa a ƙasar Kamaru, wanda ya ce yana rubuta waƙoƙi yana kai su situdiyo, ya aiko da tambaya mai rassa biyu. Na farko: wace magana ce daidai, "sunan waƙa" ko "taken waƙa"? Na biyu: me ya sa yakan rubuta suna mai daɗi a saman takarda, ya zauna har dare ya raba, baiti ko ɗaya ya ƙi zuwa?

Ɗana, duka biyun Hausa ce, kuma ba wanda zai tuhume ka don ka faɗi ɗaya. Sai dai take ya girmi takarda. A asalinsa kiɗa ne da makaɗi yake keɓe wa mutum ɗaya, ko wata sarauta, ko masu wata sana'a. Mahauta suna da nasu a kalangu, maharba da 'yan tauri suna da nasu, ɗan dambe kuwa da ya ji nasa sai tsuma ta kama shi tun ba a ambaci sunansa ba. Daga nan muka sami "taken ƙasa". Da karatun boko ya zo, sai aka ari kalmar aka ɗora wa abin da ake rubutawa a saman shafi. Ni ina son wannan aron ƙwarai, domin ya bar mana ma'auni: taken da ya cika take shi ne wanda mai sauraro zai ji ya san da shi ake.

Reshe na biyu ya fi muhimmanci. Makaɗan baka na da ba sa raɗa wa waƙa suna kafin su yi ta, galibinsu ma ba sa raɗa mata ko bayan sun gama. Jama'a ne ke yi. Ko dai su kira ta da sunan wanda aka yi wa, su ce waƙar sarki wane, ko su ɗauki amshin da 'yan amshi suke ta nanatawa ya zama shi ne sunan. Wannan amshin shi ne masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano suke kira gindin waƙa, sassan da jagora yake jerowa a kansa kuma ɗiyan waƙa. Akwai kuma bakandamiya, wato waƙar da mawaƙi ya zuba dukan ƙarfinsa a ciki ya wasa kansa. Narambaɗa yana da tasa, Mamman Shata wanda ya rasu a 1999 shi ma yana da tasa, kuma kalmar matsayin waƙar take nunawa a cikin ayyukan mai ita. Malaman da suka yi rubutattun waƙoƙi da ajami su ma sau da yawa ba a saman takarda suke sa suna ba. Da basmala da salati suke buɗewa, su rufe da ramzi mai ɓoye shekarar da aka yi waƙar a cikin haruffa, almajirai kuma su riƙa kiranta da batunta ko da harafin amsa-amonta, wato harafin da baitocinta suke ƙarewa da shi.

To ka ga inda matsalarka take. Kana neman suna ya haifar maka da waƙa, alhali a gidan Bahaushe sai an haihu an kwana bakwai ake yanka rago. Fara da gindi. Nemi layi ɗaya da za ka iya maimaitawa sau ashirin bai gundure ka ba, ka rera shi da baki kana tafiya, ka ji ko ya zauna a kan kari. Idan ka gama waƙar, rera wa ƙannenka da abokanka, ka yi shiru kwana biyu. Duk abin da suka kira ta da shi sa'ad da suka ce "sake mana waccan", shi ne takenta. An ce suna linzami ne, kuma gaskiya ne, shi ya sa sunan da aka sa da wuri yakan ja mawaƙi zuwa inda waƙar ba ta nufa ba.

Wata malamar makaranta daga Marwa ta tambayi bambancin jigo da turke, da kuma inda mawaƙa suke samo abin faɗa.

Malama, abu ɗaya suke nufi, wato saƙon da waƙa ta ginu a kai, sai dai masu nazarin rubutacciyar waƙa, irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo, sun fi amfani da jigo, masu nazarin waƙar baka kuma turke. Jigo shi ne itacen da masu lambu suke kafawa a bakin rijiya ko rafi don ɗebo ruwa. Turke kuwa kowa ya san shi a gida, shi ne ake ɗaure dabba a jikinsa ta yi ta kewaye ba ta ɓace ba. Mawaƙi yakan yi nisa, ya shiga kirari, ya yi habaici, ya yi zambo, ya gaida mutanen gari, amma igiyar tana nan, dole ya komo.

Inda matasanmu suke tuntuɓe shi ne ɗaukar kalma mai faɗi a matsayin turke. "Soyayya" ba ta isa ba tukuna, haka "zaman lafiya", haka "iyaye". Kowa ya yi su, kuma in ka tsaya a nan, kalmomin da kowa ya faɗa su ne za su zo maka: zuciya, ruhi, hawaye, numfashi. Matsa kusa. Je tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere da yamma, lokacin da masu tafiya Yawunde suke shiga. Dubi matar da ta rako mijinta, ta miƙa masa ƙullin dambun nama ta taga, ba ta ce tana sonsa ba, abin da ta ce kawai shi ne "in ka isa ka bugo". Kalmomi biyar ke nan, ga gindi, ga take, ga kuma rabuwa da jiran da za su cika baitoci goma. Irin wannan magana tana nan a bakin masu sayar da kifi a gaɓar Binuwai, da manoman auduga ranar awo, da tsofaffi a wurin zaman makoki. Basira baiwa ce daga Allah, ban musa ba, ita ce ke sa mutum ya gane cewa abin da ya ji waƙa ce. Amma fasaha, wato iya sarrafa harshe, da azanci, wato saka magana a inda ta dace, ana koyonsu, kuma da kunne ake fara koyo. Abin da ka ji, ka rubuta ko ka naɗa a waya nan take, domin abin da ya zo a kan babur ba ya jiran a isa gida.

Tambaya ta ƙarshe daga Kusiri ta zo, daga wani da ya ce yana yawan tsallaka gada zuwa Injamena wurin bukukuwa. Yana son ya san ma'anar "waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi", da ko ya halatta a sa karin magana a matsayin take.

Ƙanena, karin maganar ba ta hana a rubuta wa wani waƙa ya rera ba. Akan faɗe ta ne idan wani ya fara ba da labarin abin da bai gani ba alhali mai abin yana zaune, wato a bar wanda ya sani ya faɗa. Ga mawaƙi kuwa tana da amfani ta wannan fuskar: abin da ka sani da idonka ya fi fitowa da daɗi a bakinka fiye da abin da ka aro daga waƙoƙin Kano.

Sa karin magana a take kuwa ba laifi, amma ka sa rabi. Yawancin karin maganarmu ɓari biyu ne, kuma Bahaushe ya saba ya faɗi na farko ya bar mai ji ya ƙarasa. Ka ce "In kiɗa ya sauya" ka tsaya, kowa zai kawo rawar da kansa. Abin da ba na so shi ne a karya ta don ta dace da amsa-amo, har yara su taso suna zaton haka take. Haka nan kada ka ji kunyar sa kalmar Larabcin Shuwa ko ta Fulatanci a cikin amshi in haka mutanenku suke magana, tunda kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma a Garwa da Marwa da wuya ka sami Bahaushen da ba ya jin Fulatanci.

Sai ka kula da rubutun taken sa'ad da za ka ɗora waƙar a YouTube ko ka tura ta WhatsApp. Da yawanmu a nan Faransanci muka yi a makaranta, hannu yakan rubuta "ou" a wurin "u", da "tch" a wurin "c", wayoyin kuma ba su zuwa da haruffa masu lanƙwasa sai an saukar da madannin Hausa. Mai neman waƙarka daga Kano ko Maraɗi ba zai rubuta ta da ƙa'idar Faransanci ba, don haka ba zai same ta ba. Kuma wanda ya yi waƙar kishin ƙasa ya bar lanƙwasar "ƙ", ya rubuta "kasa", to ya sa wa waƙarsa sunan maciji ko na gazawa.