Tambaya da Amsa: Taron masu haƙar kayan tarihi na ƴan jami'a ne kawai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da tambaya. Naga sanarwa wai masu binciken kayan tarihi zasu buɗe wajen da suke haƙa jama'a suzo su gani, harda lacca da zagaye, ni kuma iyakata sakandare shine nake tunanin ko abin na ƴan jami'a ne kar inje inji kunya. Me ake yi a irin wannan taron ne? Yarana ma sun nace sai sun bini.
Daga wata uwa mai bibiyar wannan fili

AMSA: Wa alaikumus salam ƴar uwa. Kije abinki, ki tafi da yaran ma, irinku aka shirya ma taron, ƴan jami'a ai suna da azuzuwansu.

Kuma gaskiya masu binciken su ma suna buƙatarku, domin da yawa daga cikin manyan abubuwan tarihi ba farfesa bane ya fara cin karo dasu. Kwale-kwalen Dufuna a jihar Yobe, wanda ya kai kimanin shekara 8,000 kuma yana cikin mafi tsufa da aka taɓa samu a duniya, wani makiyayi ne yana haƙar rijiya a 1987 ya ci karo da shi, sai daga baya masana daga Maiduguri da Jamus suka zo suka tono shi a 1994. Haka mutum-mutumin sojoji na yumɓu na ƙasar Sin, manoma ne masu haƙar rijiya suka fara ganinsu a 1974. Kogon Lasko na Faransa mai zane-zanen dabbobi kuwa samari huɗu ne suka gano shi a 1940. Toh kinga da mutanen nan sun yi shiru ko sun fasa abin sun wuce, shikenan an yi asara.

Abinda zaki gani yawanci shine rami mai kusurwa huɗu an ɗaure shi da zare, mutane a durƙushe suna kankare ƙasa a hankali da ƙaramin cokalin magina da buroshi, wasu na tankaɗe ƙasar da rariya kar ɗan ƙaramin abu ya kuɓuce. Kar ki sa rai da zinare. Tsingaro ne, gawayi, ƙasusuwa, kashin maƙera, duwatsun ado. Wani wajen har sukan ba yara tsingaro su wanke su jera, kuma wallahi yaron da ya riƙe fasasshiyar tukunyar da wani ya gina da hannunsa shekaru ɗaruruwa da suka wuce ba zai manta ba.

Amma abinda nafi so ki fahimto a wajen shine dalilin da yasa suke wannan nawar. Ƙasa hawa-hawa take taruwa, idan ba a taɓa birkita ta ba na ƙasa ya girmi na sama, saboda haka inda aka samu abu da zurfinsa da abinda ke kusa dashi sune suke bada labari, ba abin shi kaɗai ba. Gawayin da kike gani kamar shara da shi ake auna shekaru, domin duk abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon wanda bayan mutuwa rabinsa ke zagwanyewa duk bayan kimanin shekara 5,730, sai a auna abinda ya saura a lissafa. Idan wani ya fizgo tukunya ya kai gida ya bar gawayin da ke gefenta an rasa shekarunta kenan, kuma ba a iya mayarwa. Wannan ne ya cuci tarihin Nok, wata tsohuwar al'umma da ta rayu a yankin kudancin Kaduna da kewaye, masu tonon sata sun kwashe mutum-mutumin yumɓu masu yawa an sayar a ƙasashen waje ba tare da an rubuta inda aka cirosu ba, abin yana min ciwo sosai duk sanda na tuna.

Don haka ki jama yaran kunne tun daga gida, ba shiga rami sai an ce su shiga, ba sa komai a aljihu ko da ɗan tsingaro ne. Tambaya kuwa kuyi ta yi, masu aikin nan suna son a tambayesu. Idan kuma kina da labarin wajen da kika ji daga kakanni ki faɗa musu, sau da yawa irin wannan labarin ne ke nuna musu inda zasu duba.

In wannan ya wuce ki, akwai 18 ga Afrilu ranar wuraren tarihi ta duniya, da 18 ga Mayu ranar gidajen tarihi wadda ake yi tun 1977, gidajen tarihi da dama kan shirya lacca da zagaye a ranakun, wasu ma shiga kyauta ne. Ki leƙa wanda yafi kusa dake ki tambayi shirinsu na bana.