Tambayoyinku: Maganin kansar jini a hannun ɗan kasuwa

Wata baiwar Allah daga Marwa ta ce likita a Yawunde ya gano mahaifinta na da kansar jini mai tafiya a hankali, ya rubuta masa ibrutinib. Wani ɗan kasuwa kuma ya yi alkawarin kawo shi daga Mubi da rabin kuɗi. Ta saya?

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Kada ki saya. Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda ake kira B. Suna da wani abu a jikinsu kamar kunne. Da sun ji ƙwayar cuta, saƙo sai ya bi ta wani sinadari mai suna BTK ya ce musu su rayu, su yaɗu. A cutar Baba saƙon nan ba ya yankewa, shi ya sa kaluluwa ke kumbura. Ibrutinib, wanda Amurka ta fara amincewa da shi a 2013, BTK ɗin yake toshewa, kuma kullum ake shan sa. To, in kwalin Mubi garin rogo ne fa? Ido ba ya rabe jabu. Baba zai yi ta haɗiya da bismilla, cuta tana cin sa, sefarku ta tafi. Abin da ke ƙona mini rai, mutum zai kwana yana ciniki a kan buhun gero, amma maganin ran mahaifinsa ya karɓa a leda ba rasit! Ki je farmasi mai lasisi, ki duba lambar kwali da ranar ƙarewa, ki nuna wa likita. Kada Baba ya haɗa shi da asfirin, yana jawo zubar jini. In fararen ƙwayoyin suka ƙaru a makonnin farko, an saba ganin haka. Kada ya daina sai da izinin likita.

Wani matashi daga Garwa yana tambayar shayin "ƙara garkuwar jiki" na WhatsApp. Haba malam! A irin wannan kansar jini, ƙwayoyin garkuwar ne suka zama kansa, me za ka ƙara? Ajiye kuɗinka na gwajin jini.

Uwa daga Kusiri, muƙamuƙin yaronki ya kumbura cikin sati biyu: kai shi asibiti yau, ba wurin wanzami ba. In kansar Burkitt ce, wata kansar ƙwayoyin B da ke kama yara, saurin girma gare ta, amma tana jin magani in an zo da wuri.