Yadda za ki koya wa 'yan aji huɗu gajeriyar rabawa

Malama, kin ce ɗalibanki a Daura suna rikicewa da zarar lamba ta bar saura. Shawarata, ki ɗan ajiye alli tukuna, ki sa su zo da tsinken tsintsiya.

A ɗaure tsinkaye goma-goma da zare. Don 72 ÷ 3, ki ajiye ƙulli 7 da tsinke 2 a tebur, ki kira yara uku. Kowa ya ɗauki ƙulli 2, ɗaya ya rage. Ki tambaye su, ya za a yi da wannan? Kada ki ba su amsa, wani zai ce a kwance shi. An kwance, goma ta haɗu da biyu, sun zama 12, kowa ya samu 4. Amsa 24. Sai yanzu ki koma allo, ki rubuta ƙaramin 1 a gaban 2, ki ce musu ƙullin da aka kwance ne.

Inda za su fi ba ki wahala shi ne sifiri. A 618 ÷ 3, da yawa za su rubuta 26, alhali 206 ne, domin uku ba ta shiga cikin 1, su kuma sai su tsallake wurin. Ki sa su ninka amsarsu: 26 sau 3 dai 78 ne, da kansu za su ga bai kai ba.

Yaron da bai haddace sau ɗaya zuwa sau tara ba kuwa, can za ki fara da shi, ko da minti biyar ne kowace safiya.