Tambaya da Amsa: Da gaske Faransawa sun hana auren dole a Nijar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Kakata takan ba mu labari wai zamanin Nasara in aka yi ma yarinya auren dole tana iya gudu ta kai ƙara gun kwamandan. Da gaske akwai irin wannan doka ko labarin tsofaffi ne kawai? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ƙara ma Kaka lafiya, maganarta na kan hanya. A watan Yunin 1939 ministan ƙasashen mallaka na Faransa, Georges Mandel, ya sa aka fitar da doka da ta shafi yankunansu na Afirka ta Yamma har da Nijar, ta ce ba a aurar da yarinya sai ta kai shekara 14, namiji 16, kuma dole sai da yardar su biyun, sannan matar da mijinta ya rasu ba mai gadonta kamar kaya ba da sonta ba. A 1951 dokar wani ministan, Jacquinot, ta biyo baya kan tsadar kuɗin aure, ta ce macen da ta kai 21 tana iya aure ko da ba a biya abin da dangi suka yanka ba.

To amma ki duba yarinyar ƙauye mai shekara 13, ba ta jin Faransanci, ba takardar haihuwa balle a san shekarunta, ta yi tafiyar yini a ƙasa, ta tarar da tafinta a bakin ƙofa, a ciki kuma dattawan da ke ba kwamandan shawara kan al'ada suna zaune, shi ko kwamandan abin da ke gabanshi haraji ne da zaman lafiya da sarakuna. Wadda ta tsaya ta yi magana a irin wurin nan wallahi jaruma ce, ni ita nake jinjina ma fiye da takardar.

Kuma kar ki ɗauka a can gidansu Faransa an gama da matsalar. Dokar Napoleon ta 1804 ta rubuta ƙarara cewa mace ta yi ma miji biyayya, sai 1938 aka cire, shekara ɗaya tal kafin dokar Mandel. Matan Faransa ba su jefa ƙuri'a ba sai 1945, matar aure kuwa ba ta samu cikakken ikon buɗe asusun banki ko kama aiki ba izinin miji ba sai 1965, lokacin Nijar ta shekara biyar da samun 'yancin kai.

Don Allah ki koma ki zauna da Kaka ki tambaye ta ko ta san wadda ta taɓa kai ƙarar, da yadda aka ƙare, ki ɗauka a waya ki aiko mana.