Tambaya da Amsa: Facin Sabar Fayiloli Kafin Aikin Hajji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani ofishi a Jidda da ke shirya wa alhazai masauki da motoci, kuma ni aka ɗora wa kula da kwamfutoci. Muna da saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye fayiloli, mai amfani da manhajar Linux, wadda take raba wa sauran kwamfutocin kwafin fasfo da jerin sunaye ta hanyar NFS. Ta daɗe ba a taɓa ta ba, sai wani abokin aiki ya ce akwai kuskuren bafa a irinta, wanda aka gyara tun 2022. Maigidana kuwa cewa yake a bar abin da ke aiki, balle ga Zulƙida ta ƙarato. Mene ne wannan kuskure, kuma lallai ne in yi gyaran?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da masu wannan sana'a ke kira bafa wani ɗan wuri ne da manhaja ke ware wa kanta a ƙwaƙwalwar kwamfuta domin ta ajiye saƙo na ɗan lokaci, kuma girmansa ƙayyadadde ne kamar mudu. Bambancin kawai shi ne, in an cika mudu fiye da kima hatsi ƙasa yake zuba, amma a ƙwaƙwalwar kwamfuta rarar tana sauka ne a kan bayanan da ke maƙwabtaka da wurin, ta lalata su ba tare da kowa ya gani ba.

Kamfanin Sun Microsystems ne ya ƙirƙiro NFS a 1984, kuma a Linux sashen da ke amsa buƙatunsa, wato nfsd, yana zaune ne a cikin kanel, zuciyar manhajar baki ɗaya. Saboda haka kuskure a wurin ba ya tsayawa ga fayiloli, yana iya kifar da na'urar ɗungurungum.

Wanda abokin aikinka yake nufi, a ganina, shi ne mai lamba CVE-2022-43945, kuma yadda ya faru abin lura ne. Kowane ma'aikaci a cikin nfsd, wato ɗan sashen manhajar da ke karɓar buƙata ya amsa, yana da jerin shafukan ƙwaƙwalwa guda ɗaya, kowane shafi bayit 4096 a yawancin na'urori, kuma daga wannan jerin ne saƙon da ya shigo yake ɗibar rabonsa, sannan amsar da za ta fita ta sami abin da ya rage. Sai aka gano cewa mai mugun nufi zai iya aiko da buƙata sahihiya ta TCP, wata hanyar da kwamfutoci ke aika wa juna saƙo, ya liƙa mata tarkacen bayanai a wutsiya. Ƙa'ida ba ta hana hakan ba, don haka saƙon yakan wuce, amma ya riga ya cinye shafukan da aka tanadar wa amsa. Sashen da ke karanta fayil ko jero abin da ke cikin folda kuwa bai san wurin ya ragu ba, sai ya ci gaba da rubutu har ya tsallake iyaka.

Gyaran, wanda Chuck Lever mai kula da nfsd ya rubuta, bai wuce 'yan layuka ba a kowane sashe: kafin a fara cika amsa, a duba ainihin wurin da ya rage, a rage girman amsar ta yi daidai da shi. Ya shiga kanel 5.19.17 da 6.0.2. Sai dai kada lambar kanel da umarnin uname -r zai nuna maka ta ruɗe ka, domin masu rarraba Linux irin su Debian da Red Hat sukan ɗauko faci su saka a tsohon kanel ba tare da babbar lambar ta canja ba. Sanarwar tsaro ta naka mai rarrabawar ita ce za ta raba gardama.

Maganar maigidanka ba ta banza ba ce, kuma ni ma ba zan so a taɓa saba a tsakiyar saukar alhazai ba. Amma ka tuna masa, cikin ladabi, cewa Microsoft ya fitar da facin SMB, ɗan'uwan NFS a Windows, a watan Maris na 2017, kuma da cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta ɓulla a watan Mayu waɗanda suka jinkirta ne ta kama, har da asibitoci a Ingila.

Ka zaɓi wata Juma'a da ofis ke rufe. Ka fara ɗaukar kwafin fayilolin a wani faifai daban, ka sa kowa ya rufe abin da ya buɗe tun ranar Alhamis, sannan ka sabunta kanel, ka kashe na'urar ka kunna, domin facin ba ya aiki sai an tashe ta da sabon. Tsohon kanel yakan zauna a jerin GRUB, wato jerin zaɓin kanel na lokacin kunna na'ura, ko da za ka buƙaci komawa. Idan har ya ƙi yarda sai bayan Hajji, to aƙalla ka rufe ƙofa ta 2049, wadda saƙonnin NFS ke shigowa ta cikinta, da katangar tsaro ga kowa in ban da kwamfutocin ofis, kana sane da cewa ko ɗaya daga cikinsu ta kamu da cuta tana iya aiko da wancan saƙon.