Yadda muke zaɓa wa yara sakandare a Kumasi

Assalamu alaikum ƙanwata. Kin tambaye ni ko kuɗi muke biya mu kai yaro makarantar da muke so, kamar yadda kika ce ana yi a Kano. A Gana ba haka abin yake ba.

Yaro yana yin firamare shekara 6, ƙaramar sakandare shekara 3, sannan ya zauna jarrabawar BECE, wadda hukumar WAEC ke shiryawa. Iyaye kan cike takarda da jerin makarantun babbar sakandare da suke so, a rubuta fannin da yaron zai karanta, da kuma ko kwana zai yi ko jeka-ka-dawo. Tun 2005 kwamfuta ce ke rarraba yaran bisa makinsu. Darussa 6 ake haɗawa, kuma ƙaramin adadi ne ya fi kyau: wanda ya samu 6 shi ne gwani. An kasa makarantun rukuni-rukuni, A da B da C, kuma ba a barin mutum ya cika jerinsa da na rukunin A, wato manyan makarantun da aka fi rububi. Nan ne iyaye da yawa a zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi, ke cutar da 'ya'yansu, su hango Prempeh College ko Opoku Ware ko Yaa Asantewaa don suna, alhali malaman yaron sun san makinsa ba zai kai ba. Ni dai kafin in sa hannu a takardar, sai na zauna da malamin ajinsa ya gaya mini gaskiya.

Daga 2017 gwamnati ta ɗauke kuɗin babbar sakandare, har da na kwana da abinci. Wannan ya taimaki 'yan zango matuƙa, musamman 'ya'ya mata da a da ake tsayar da su a ƙaramar sakandare. Sai dai yara sun yi yawa, har a 2018 aka fara karatun karɓa-karɓa a wasu makarantu, wani rukuni na aji wani na gida.

Amma ƙanwata, abin da ya fi ɗaukar mana hankali shi ne addini. Manyan makarantu da dama mishan ne suka kafa su, kuma ko da gwamnati ke biyan malamai, coci na da ta cewa. A 2021 an yi ta ce-ce-ku-ce a ƙasar nan bayan makarantar Wesley Girls ta Cape Coast ta hana ɗaliba Musulma azumi. Shi ya sa uwa a unguwanninmu na Aboabo ko Sabon Zango ba ta tsayawa a sakamakon makaranta a WASSCE, jarrabawar kammala babbar sakandare. Sai ta nemi wadda 'yarta ta gama can ta tambaye ta: akwai wurin salla? Ana ba su sahur? Ana tilasta musu zuwa coci ranar Lahadi? Akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi mai ƙarfi? Wasu kan zaɓi T.I. Ahmadiyya, wadda ke nan tun 1950, wasu Islamic Senior High, wasu kuma su ce yaro ya yi jeka-ka-dawo don kada ya yanke da makarantar allo. Ni ina ganin makaranta matsakaiciya da yaro zai yi sallarsa hankali kwance ta fi mai suna da zai riƙa ɓuya kafin ya yi sujada.

Na san abin da zai fi ba ki mamaki shi ne aski. Yawancin makarantun gwamnati na sa 'yan mata su rage gashi sosai. Yana yi mana ciwo, don haka tun da wuri muke lallashin yarinya kada ta je ta ji shi bagatatan.

Sauran shirin na kaya ne. Ana ba da takardar abubuwan da za a saya: akwatin ƙarfe, katifa, bokiti, gidan sauro, tsintsiya. Sai akwatin katako na abinci, a zuba garin rogo, sukari, madara, Milo da shito, wato miyar barkono baƙa da ke daɗewa ba ta lalace ba. Mu kuma mukan ƙara darduma da buta da Alƙur'ani. Kafin tafiya yaro zai koyi wanki da guga da tashin asuba da kansa, a kai shi ya yi sallama da malaminsa na allo ya sa masa albarka, sannan a nemo wani babban ɗalibi ɗan unguwa da zai riƙe shi a zangon farko.

Ki gaida maigida da yara.